Buhunan Da Suka Cika Nauyi

Da hantsi mai kamfanin madarar gwangwani ya shigo ofishin 'yan sanda, riƙe da gwangwani ɗaya a buɗe. Bai tsaya a kanta ba. Ya wuce kai tsaye wurin Sufeto, ya dire gwangwanin a kan tebur. Madarar da ke ciki ta tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa.

Ya ce dafuwar jiya gaba ɗaya haka ta fito. Akwai wani gishiri da ake sa wa madara kafin a rufe ta a gwangwani a dafa, fosfet ake kiransa, shi ke hana ta tsinkewa idan ta sha wuta. An duba buhun da aka ɗiba a ciki, sai aka tarar gishirin girki ne. Kuma babu buhun da ke shiga sito sai mai awon kamfanin ta gwada shi, ta buga masa hatiminta.

"Ta haɗa baki da masu kawo kaya," in ji shi. "Na karɓe makullanta a gaban ma'aikata. So nake ka ɗauke ta kafin hukumar lafiya ta iso, su ga ban rufa wa kowa asiri ba."

Sufeto ya tambaye shi abin da zai same ta idan hukumar ta yarda da wannan magana. Ya ce za su ƙwace lasisinta, kuma babu kamfanin da zai sake ɗaukarta ko shara ce. Ita ta jiyo.

Sufeto mutum ne da ya daɗe a aiki, furfura ta fara cin gefen kansa. Abin alfaharinsa ɗaya ne, bai taɓa rufe mutum don wani babba yana sauri ba. Irinsa ba su da yawa, kuma ba a cika ƙara musu girma ba.

"Wa ya gano madarar ta lalace?"

"Ita."

"Wa ya gano gishirin girki ne?"

Mai kamfani ya ce, "Ita."

"To, ɓarauniyar taka tana da ƙoƙari. Mu je mu gani."

Ya kira Saje, wani ƙaton mutum mai tumbi da suka shekara suna aiki tare, suka bi motar mai kamfani a baya.

A bakin ƙofar kamfanin wani tsoho na zaune a bencin mai gadi, ya dafa sanda da hannu biyu. Da ganin kaki ya miƙe tsaye. Ya ce shi ne mahaifin mai awo, tsohon makaniki ne, kuma ba zai bar wurin ba sai ya ji ƙarshen magana. Sufeto ya ce masa ya zauna ya huta. Ya ce ya gode, ya ci gaba da tsayuwa har suka shige.

Mai awo na zaune a kan kujera a ƙofar ɗakin gwajinta, wanda aka garƙame da kwaɗo. Mace ce da ta kusa arba'in, sanye da farar rigar aiki a guge, idonta a bushe. Ma'aikata na kiranta Ba Sani Ba Sabo, amma a bayan idonta.

Makullan na hannun manaja, ƙanin mai kamfani, mutum mai tsaf-tsaf da ƙamshin turare. Ya buɗe kwaɗon da kansa. Sufeto ya tambaye shi ko ya ga buhun da ake magana a kai. Ya ce a'a, shi ba ya shiga sito, wannan aikin leburori ne. Shi nasa ofis ne da kwastomomi. Sufeto ya gode masa, ya ce zai neme shi, ya tura ƙofa ya rufe.

Ɗakin ƙarami ne, tas da shi. Kwalabe a jere bisa kanta, kowace da sunanta, ƙaramin sikeli cikin akwatin gilashi, famfo a kusurwa. Sufeto ya ce shi bai yi karatun irin wannan ba, ta yi masa bayani kamar wanda bai san komai ba.

Ta ɗauko wata kwalba mai ɗauke da ƙwayoyi farare masu haske, kamar ƙanƙarar da aka farfasa. Ta ce wannan shi ne fosfet ɗin. Kullum da safe takan narka kaɗan ta haɗa wani ruwa da ba ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, ko me ka ɗan ɗiga masa, da shi take daidaita na'urar auna tsami kafin ta yarda da abin da na'urar za ta faɗa. Kaɗan ake sa wa madara, ya riƙe ta kada ta tsinke a wuta. Mai tukunyar tururi na sa shi a ruwansa don kada ɓawo ya toshe bututu. Masu yin cuku suna amfani da shi, masu rini ma haka. Tana magana muryarta na sakewa, har ta manta da wa take yi wa bayani da kuma dalili.

Sannan ta narka gishiri iri biyu a 'yan kwalabe biyu, ɗaya daga kwalbarta, ɗaya daga buhun da ya ɓata madarar. A ido duk ruwa ne. Ta ɗauko wata kwalba mai duhu, ta ce ruwan azurfa ne, ta ɗiga wa kowace. Ta farko ta koma rawaya nan take. Ta biyu ta yi fari fat kamar an zuba mata madara.

"Rawaya fosfet, fari gishirin girki," in ji ta.

Saje ya sunkuya yana kallo, ya ce da za a samu irin wannan na ɗiga wa masu ba da shaida, da aikinsu ya yi sauƙi.

"Lokacin da kika buga hatimi, me ke cikin buhun?" in ji Sufeto.

"Fosfet, daga sama har ƙasa. Da dogon bututu nake ɗiba."

"Yanzu fa?"

"Kamar taƙi ɗaya daga sama fosfet ne. Shi na yi ta ɗiba tun farkon mako. Jiya na kai ƙasa."

"Kin sake gwadawa kafin ki zuba?"

"A'a. Hatimina na kai. Amma na buɗe gwangwanin gwaji kafin a loda mota, na tsayar da komai. Ko ɗaya bai fita ƙofar nan ba."

"Wa kike zargi?"

"Ba na faɗin abin da ban auna ba, Yallaɓai."

Siton na bayan ɗakin dafuwa, dogo ne siriri, da zafi kamar cikin tanda, domin bangonsa ɗaya ne da ɗakin tukunyar tururi. Buhunan fosfet na jere a kan katako, kowane da hatimin mai awo, an rubuta kilo ashirin da biyar a jikinsa. Keken ɗinkin buhu na rataye a ƙusa.

Mai sito ɗan gajere ne, da tarin makullai a ƙugu. Tun kafin a tambaye shi ya rantse cewa kayansa a cike suke, ko ƙwaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Sufeto ya ce madalla, ya sa Saje ya jawo babban sikelin da ke bakin ƙofa.

Buhu na farko bai kai ba. Na biyu ma haka, da na uku, da na huɗu. Mai sito ya fara share gumi da hularsa. Sai Saje ya jawo wani daga can ƙurya, wanda a ido ya fi sauran kwanciya, kamar ba a cika shi ba. Allurar sikeli ta tsaya cak a kan ashirin da biyar. Na kusa da shi ma haka.

"Ka ce duk a cike suke," in ji Sufeto.

"Yallaɓai…"

"Ina ragowar waɗancan?"

"Iska ta sha."

"Iska ce za ta tsaya a gaban alƙali, ko kai?"

Nan ya buɗe baki. Ya ce wannan gishiri da ruwa yake zuwa a cikin ƙwayarsa. Idan ya zauna a wuri mai zafi sai ruwan ya riƙa fita, samansa ya koma gari kamar alli, buhun ya rage nauyi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shekarar da ya fara aiki sai da ya kusa gudu, yana tsoron a ce shi ya ɗiba, mai awo ce ta zaunar da shi ta nuna masa. Tun daga nan tare suke auna buhunan duk ƙarshen wata, don ta san yadda za ta gyara awonta. Ƙarshen watan jiya sun auna, babu ko ɗaya da ya cika.

Sufeto ya tambaye shi dalilin ɓoyewa. Ya ce manaja ya taɓa korar lebura kan buhun sukari da bai cika ba, bai ma bari ya yi bayani ba. Shi yana da iyali. Don haka bai taɓa kai wannan magana ofis ba.

"Wa ya san gishirin yana ramewa?"

"Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun. Ni, da ita, da mai tukunya, da leburori."

"Makullin sito fa?"

"Ɗaya a wurina, ɗaya a wurinta, ɗaya a ofis."

Saje ya farke cikakkun buhunan da wuƙa, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi ya lasa. Ya ce wannan kam ko a miya. Sannan ya dafa bangon, ya ce idan har wurin na sa a rame, a ba shi kujera ya kwana biyu a nan, ko matarsa ta daina yi masa gori.

Sufeto bai yi dariya ba. Yana kallon buhunan. Buhun da aka auna bai cika ba a watan jiya, ba zai wayi gari a cike ba sai da hannun mutum. Kuma ba daga masu kawo kaya aka zo da wannan aiki ba, a cikin ɗakin nan aka yi shi.

Saura a san inda gishirin gaske ya tafi. Ya tura Saje wurin mai gadi, shi kuma ya zagaya ɗakin tukunya.

Mai tukunya baƙi ne dogo, ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa yake magana kamar mai faɗa. Tsohuwa yake kiran tukunyar tasa, yana magana yana goge mata jiki da tsumma. Ya ce lafiyarta lau, ba abin da ya same ta, shi bai ga komai ba, bai ji komai ba.

Sufeto ya ce ya yarda da na biyun. Ya fita ta ƙofar baya, inda kwatar ɗakin ke zuba. Farin taɓo ya cika kwatar har ya yi tudu, bai gama bushewa ba. Ya tsoma kan sandarsa, ta nutse.

"Kullum haka take fitarwa?"

"Kullum."

"Kullum kwatar na toshewa kenan. Bari in kira mai kamfani ya gani."

Mai tukunya ya riƙe masa hannun riga. Ya ce washegarin hutun mako, yana kunna wuta, sai ya ga ruwa na kumfa a gilashin dubawa, Tsohuwa na tari tana tofar da ruwa cikin tururi. Bai taɓa ganin ta haka ba. Ya kashe wuta ya zubar da ruwan duka, ya leƙa tankin da ke shayar da ita, ya tarar da tulin fosfet a ƙasa wanda bai gama narkewa ba. Shi ludayi ɗaya yake ba ta a rana. Wani ya zo ya ɗura mata buhu-buhu. Ya yi shiru ne don ya san shi za a fara nunawa, tunda tankinsa ne.

"Wanda ya yi wannan bai san tukunya ba, Yallaɓai," in ji shi. "Ya ji dai an ce ana sa mata. Da na kama shi, da ba sai an kira ku ba."

Saje ya same su a nan da labarin mai gadi. Bisa umarnin mai kamfani, duk motar da za ta fita sai an buɗe bayanta, har ta ƙaninsa. Amma mai shigowa ba a duba ta. Ranar hutun mako kuma mutum biyu ne suka shigo. Mai awo ta zo da safe duba gwangwanayen gwaji kamar yadda ta saba. Manaja ya zo da rana, ya ce janareta zai duba.

Sufeto ya ce wa Saje, mutumin da ya saci kaya ya zubar da su a tanki ba kaya yake nema ba, mutum yake nema. Ya raɗa masa wata magana a kunne, ya ce ya je da 'yan takardu masu tsabta. Shi kuma ya koma bakin ƙofa.

Tsohon na nan. Rana ta kore shi daga benci zuwa inuwar bango. Sufeto ya tsuguna kusa da shi, ya tambaye shi ko 'yarsa na da abokin faɗa a kamfanin. Tsoho ya ce ita ba ta kawo ƙarar kowa gida, sai dai abin da uwarta ta tatsa a bakinta. Watannin baya akwai kayan da manaja ya sa aka loda wa wani babban kwastoma, mota har ta tayar. Ita kuma ta ga wasu gwangwanaye sun fara kumbura. Ta yi masa magana a ofis, ya ce ta koma ɗakinta ta yi wasa da kwalabe. Sai ta fito ta tsaya a gaban motar, ta ce a sauke. Leburori suka sauke suna ƙunshe dariya. Da mai kamfani ya zo ya buɗe gwangwani ɗaya, ya ce ta yi daidai.

"Ba ta faɗa mini wannan ba," in ji Sufeto.

"Ba za ta faɗa ba. Ni na koya mata. A garejina ta tashi, tana ganin ba na sakin mota sai na taka birki da ƙafata, ko mai ita zai zage ni. Idan taurin kai laifi ne, Yallaɓai, ni za ka sa wa ankwa."

"Ba a kai nan ba, Baba."

Bayan azahar Sufeto ya tara su a ofishin mai kamfani. Mai kamfani na bayan teburinsa, manaja a kujerar gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai sito da mai tukunya na tsaye jikin bango. Mai awo ta shigo da tire ɗauke da kwalabenta, kamar yadda aka umarce ta, ta tsaya can nesa da kowa.

Sufeto ya ce tambaya ɗaya zai yi, kowa ya amsa nasa. Ya fara da manaja.

"Buhun fosfet da ke sito, kilo nawa ne?"

"Ashirin da biyar. A rubuce yake."

Mai kamfani ya ce haka ne, abin da ya saya kenan. Da aka zo kan mai tukunya sai ya ce ya danganta da daɗewar buhun. Mai sito ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Mai awo ta ce idan ana son lissafi sai ta auna.

Sufeto ya yi wa 'yan'uwan biyu bayanin yadda gishirin ke bushewa. Ya ce wanda ya juye buhunan ya cika su da gishirin girki mutum ne mai lura. Ya bar na gaske a sama, ya ɗinke baki tsaf, ya ɗora a sikeli ya cika daidai da abin da aka rubuta, don kada kowa ya ga alamar an taɓa. Da mai awo ce, ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun, da ya rage, don buhun ya yi kama da 'yan'uwansa. Wanda ya yi aikin a rubuce kawai ya san gishirin.

Manaja ya sauke ƙafarsa. Ya ce wannan hasashe ne, kuma shi ba ya son raini.

"Hasashe ne," in ji Sufeto. "Shi ya sa za mu auna."

Dokar kamfanin ce duk wanda zai shiga wurin aiki ya sa takalmin roba, kuma kowa da nasa, har masu ofis. Saje ya fito da ƙullin takarda biyu daga aljihu. Ya ce abin da ya kankaro ne daga ƙarƙashin takalma biyu, kuma shi kaɗai ya san wanne ne na wa. Sufeto ya ce mai awo ba za ta taɓa komai ba, tunda ita ake zargi. Ta faɗa, Saje ya yi.

Ta faɗa masa ya zuba ruwa, ya kaɗa, ya tace. Saje ya ce shi ko shayi matarsa ke haɗa masa. Ya ɗiga ruwan azurfa a kwalba ta farko. Ta ɗan yi hazo, shi ke nan. Ya ɗiga a ta biyu. Rawaya ta sauka a hankali har ƙasan kwalbar.

Saje ya ce ta farko ta mai kamfani ce. Ta biyu daga takalmin da ya samu a bayan ƙofar banɗakin manaja. An wanke samansa tas, amma wanda ya wanke bai juya ya duba tsagin ƙasan ba.

"Da safe ka ce mini ba ka shiga sito," in ji Sufeto.

"A tsakar kamfani na taka."

"Ranar hutu janareta ka zo dubawa?"

"Shi."

"Da takalmin roba?"

Sufeto ya ci gaba.

"Gishirin girki buhu uku ba a sayensa a ɓoye. Gobe zan bi shagunan da ke hanyarka ɗaya bayan ɗaya, da hotonka a hannu. Ko ka hutar da ni?"

Mai kamfani ya juyo ya kalli ƙaninsa. A hankali ya ce, "Faɗa masa ba kai ba ne."

Manaja ya kalli kwalbar. Da ya buɗe baki, da yayansa ya yi magana, ba da Sufeto ba.

"A gaban leburori ta sa aka sauke mini mota, Yaya. Kai kuma ka zo ka ce ta yi daidai. Tun ranar idan na ba da umarni sai sun kalli ƙofar ɗakinta kafin su motsa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma maganar ma'aikaciya ta fi tawa."

Ya faɗi sauran ba tare da an matsa masa ba. Ya shigo da gishirin a bayan motarsa, ya buɗe sito da makullin ofis. Ba hanyar fita da na gaske, sai ya juye a tankin tukunya, don ya ji ana cewa can ma ana amfani da shi. Sau biyu ya auna kowane buhu kafin ya ɗinke.

"Da madarar ta fita kasuwa fa?" in ji Sufeto. "Yara ke sha."

"Ba za ta fita ba."

"Ta yaya ka sani?"

"Na san za ta gano. Ba ta taɓa barin ko gwangwani ɗaya ya wuce ta ba."

Sufeto ya ce wa Saje ya rubuta wannan maganar yadda aka faɗe ta, kada ya rage ko harafi, domin ita za a fara karanta wa hukumar lafiya. Mai awo ta rufe kwalbar ruwan azurfa, ta goge bakinta da tsumma, ta mayar kan tire.

Akwai mutanen da ba asara ke ƙona musu rai ba. Abin da ba sa iya yafewa shi ne a fi su gaskiya a gaban jama'a. Wannan mutum ya lalata dukiyar ɗan'uwansa, ya kusa fasa tukunya a kan mai aikinta, ya shirya raba mace da sana'arta har abada, duk don leburori sun yi dariya.

Mai kamfani ya taso ya ja Sufeto gefe. Ya ce maganar gida ce, a bar musu su kashe ta a gida, zai janye ƙara, mahaifiyarsu na da hawan jini.

"Da safe da ka zo ba ka ce maganar gida ce ba," in ji Sufeto. "Ita ma tana da uwa."

Saje ya sa wa manaja ankwa. Manaja ya roƙi a fita da shi ta ƙofar baya. Sufeto ya ce motarsu a gaba take. Suka ratsa tsakar kamfanin daidai lokacin canjin aiki, masu tashi da masu shigowa duk suka tsaya suna kallo. Ba wanda ya yi dariya. Mai kamfani ya tsaya a kan matakala, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa ya yi wa mai awo ƙazafi, kuma ya janye. Ita tana bayansa da tirenta. Ta ce masa madarar safe na tanki tana jira, a aiko mata da sabon buhu ta gwada, ta juya ta nufi ɗakinta.

A bakin ƙofa Sufeto ya sa aka tsayar da mota, ya sauke gilashi. Tsohon ya matso, ya leƙa ya ga wanda ke zaune a baya.

"Ya faɗa da bakinsa?"

"Ya faɗa, Baba. Har ya shaida cewa 'yarka ba ta taɓa barin gwangwani mara kyau ya wuce ta ba."

"Wannan ai ni na sani," in ji tsoho. "Uwarta ce tun safe ba ta sa komai a baki ba. Ni idan na faɗa mata cewa za ta yi lallashinta nake."

Ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ya danna da ƙyar, ya saurara har aka ɗauka, sannan ya miƙa ta taga.

Sufeto ya gyara zama, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya karɓi wayar.

"Mama, barka da yamma. Sufeton 'yan sanda ne ke magana. 'Yarki ba ta ci amanar kowa ba. Ki ci abinci."